Burauzar wayarka: abin da ya kamata ka taɓa a saiti da abin da za ka ƙyale

Yawancinmu burauzar da muka tarar a waya ita muke ta fama da ita har wayar ta mutu, in Tecno ce ko Infinix ko itel za ka ga Phoenix tana zaune, in Samsung ce ga Samsung Internet, sai Chrome da take cikin kusan kowace Android, wasu kuma tun zamanin Nokia suka saba da Opera Mini ba su iya rabuwa da ita. Ba wanda yake shiga saitinta sai in data ta fara gudu ko talla ta fara damunsa. Alhali ta nan kake shiga imel, ta nan kake cike fom ɗin aiki da na makaranta, ta nan kake buga lambar katin ATM, wato duk abin da ɓarawo zai so ya gani ta gabanta yake wucewa.

Ni ra'ayina a kan wannan magana shi ne gyaran burauza yawancinsa ragi ne. Ka rage izinin da ka rarraba wa shafuka, ka rage tarkacen da ka ɗora mata, ka bar ta ta riƙa sabunta kanta. Abubuwan da jama'a suka fi dogara da su kuwa, irin su Incognito da alamar kwaɗo da VPN na kyauta, su ne suka fi ƙarancin amfani a wurin da ake zaton suna da shi.

Mu fara da afdet tunda shi ne aka fi rainawa. Mutum zai ga Play Store na cewa Chrome na jiran sabuntawa sai ya ce ai tana aiki lafiya, me zai sa in ƙona megabait ɗina. Matsalar ita ce yawancin abin da ke cikin afdet ɗin nan ba kwalliya ba ce, toshe ɓaraka ne. A watan Satumba na 2023 an gano wata ɓaraka a manhajar da ke buɗe hotunan WebP, irin hotunan da suka cika intanet yanzu, kuma kafin a toshe ta an riga an fara amfani da ita wajen kutse, ta shafi Chrome da Firefox da Edge da Brave gaba ɗaya, hoto kawai shafi zai nuna maka aikin ya gama, ba sai ka danna komai ba. Babu wani saiti da zai kare ka daga irin wannan sai afdet. A waya akwai wani abu kuma da ake kira Android System WebView, shi ne injin da wasu manhajoji suke ara su buɗe maka shafi a cikinsu, shi ma ka bar shi ya sabunta. Masu kwamfuta da har yanzu suke kan Windows 7, kuma suna da yawa a shagunan buga takardu, su sani Chrome ta tsaya musu a lamba 109 tun farkon 2023, ramukan da ake ganowa yanzu ba a toshe su a kanta.

Sai notifikeshan, wanda in ka tambaye ni shi ne ciwon da ya fi yawa a wayoyin mutanenmu. Ka karɓi wayar wani dattijo ko ta ƙanwarka ka ja labulen sama ƙasa, za ka ga jerin saƙonni da ƙaramin tambarin Chrome a gefe, wannan ya ce wayarka ta kamu da bairos 5 danna ka goge, wancan ya ce ka ci iPhone, na ƙasa hoton wata mata ne wai tana kusa da kai tana son magana. Mai wayar zai rantse maka an yi masa kutse, wani ma har ya kai ta wajen mai gyara a yi mata filashin ya rasa hotunansa a banza. Ba kutse ba ne. Wata rana ya shiga shafin sauke fim ko waƙa ko kallon ƙwallo, ɗan akwati ya fito da Allow da Block, shafin ma ya rubuta masa wai sai ya danna Allow kafin bidiyo ya buɗe, ya danna, daga ranar ya ba su lasisin turo masa duk abin da suka ga dama ko da burauzar a rufe take. Maganin bai kai minti biyu ba. Ka danna ɗigo ukun nan na sama, Settings, Site settings, Notifications, za ka tarar da sunayen shafukan da aka ba izini, wasu sunayen ma haruffa ne kawai a cakuɗe, ka cire su ɗaya bayan ɗaya, sannan ka kashe makunnin sama gaba ɗaya yadda ba wani shafi da zai sake tambaya. Tunda kana wurin ka leƙa kamara da makirfo da wurin da kake, duk shafin da ba ka san dalilin da zai sa ya riƙe izinin ba ka ƙwace.

Maganar kwaɗo kuma. Shekara da shekaru ana koya mana cewa in ka ga kwaɗo a gefen adireshi to shafin amintacce ne, kuma wannan koyarwar ta cuci mutane da yawa. Abin da kwaɗon ke nufi kawai shi ne hanyar da ke tsakaninka da shafin a rufe take, wanda ke kan waifai ɗaya da kai ba zai karanta abin da kake turawa ba. Bai ce komai a kan waye mai shafin ba. Takardar shaidar da ke sa kwaɗon ya fito kyauta ake samunta yanzu, Let's Encrypt na rabawa kowa, ɗan damfara ma cikin mintuna zai saka wa shafinsa. Ita kanta Google da ta ga yadda ake yi wa alamar mummunar fahimta sai ta cire ta daga Chrome a 2023 ta sa wata alama mai kama da maɓallan saiti. Duk da haka ka kunna Always use secure connections da ke ƙarƙashin Privacy and security, yana da amfaninsa, zai gargaɗe ka kafin ka shiga shafin da hanyarsa a buɗe take.

Abin da ya fi kwaɗo muhimmanci shi ne ka iya karanta adireshi, kuma wannan ba a saiti yake ba, a ido yake. Linkin nan da ake ta yawo da su a guruf na WhatsApp, tallafin gwamnati, ɗaukar ma'aikata, kyautar data ta murnar cika shekara, duk dabara ɗaya ce. Ka nemi sandar farko mai karkata da ta zo bayan sunan shafin, ka karanta daga nan zuwa baya, sunan da ke manne da ita shi ne ainihin mai gidan. A ce ka ga wani abu kamar tallafi.gov.ng.rijista-yanzu.xyz/ (wannan ni na ƙirƙira shi don misali), idonka zai faɗa kan gov.ng ka saki jiki, amma mai shafin shi ne rijista-yanzu.xyz, sauran duk ado ne ya jera a gaba. Shafin hukumar Najeriya na gaskiya yawanci da gov.ng zai ƙare kafin sandar. Kuma duk shafin da ya ce sai ka tura wa guruf biyar kafin a ba ka, ko ya nemi BVN da lambar kati da lambar da banki ya turo maka a tes, rufe shi kawai ba sai ka yi dogon bincike ba. Chrome tana da Safe Browsing da ke jefo jan shafi in ka nufi wurin da aka riga aka sani na damfara ne, akwai matakin Enhanced da ya fi kama sababbi, sai dai farashinsa shi ne yana tura wa Google ƙarin bayani kan shafukan da kake shiga. Ni dai a wayar iyaye da yara ina kunna shi ba tare da wani tunani ba, don haɗarin damfara ya fi kusa da su.

Incognito fa? Amfaninsa ɗaya ne, in ka rufe ba ya barin tarihin shafuka da kukis (ƙananan bayanan da shafuka ke ajiyewa a burauzarka don su riƙa gane ka) a kan na'urar. Shi ke nan. Kamfanin layinka yana ganin inda ka je, mai waifai na ofis ko makaranta yana gani, shafin da ka shiga yana ganinka, in kuma ka shiga akawun ɗinka na Facebook a ciki ai ka gabatar da kanka da bakinka. Kamar mutum ne ya share sawunsa a tsakar gida bayan duk unguwa ta ga fitarsa. A 2020 an kai Google ƙara a Amurka kan cewa tana tattara bayanan mutane ko suna cikin Incognito, aka nemi diyyar dala biliyan 5, ƙarshe aka sasanta, a 2024 ta amince za ta goge tarin bayanan ta kuma gyara rubutun da ke fitowa a shafin farko don ya faɗi gaskiyar abin da yake yi. Ka yi amfani da shi in ka ari wayar wani za ka duba imel, nan ne wurinsa.

VPN na kyauta ma haka. Da yawanmu lokacin da aka rufe Twitter a Najeriya, daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, muka fara sauke su, kuma har yau akwai wayoyin da suke ɗauke da biyu ko uku. VPN ba ya ɓatar da kai, yana ɗauke amanarka ne daga hannun kamfanin layi ya damƙa wa mai VPN ɗin, duk zirga-zirgarka ta wurinsa za ta bi, to waye shi, kuma da me yake biyan kuɗin sabarsa, wato manyan kwamfutocin da yake aiki da su, tunda kai ba ka ba shi ko sisi ba? A 2015 an bankaɗo cewa Hola, wanda miliyoyin mutane ke amfani da shi a burauza, yana sayar da layin intanet ɗin masu amfani da shi ga wasu su bi ta ciki. Onavo kuma na Facebook ne, da shi take leƙen manhajojin da mutane ke amfani da su, har aka fitar da shi daga shagon Apple a 2018. In ba wani shafi aka toshe maka ba, ba ka bukatarsa a kunne dare da rana.

Wurin da na fi so a tsaya a kai shi ne ekstenshan, ƙananan manhajojin nan da ake liƙa wa burauzar kwamfuta, na sauke bidiyo, na fassara, na canza launi, na juya PDF. Lokacin da za ka saka yawancinsu akwai rubutun da ke fitowa cewa zai iya karantawa da canza duk bayananka a duk shafukan da ka shiga, ba wanda ke karantawa, sai a danna Add. Ma'anar rubutun nan a zahiri take, abin yana ganin shafin bankinka yadda kake ganinsa, yana ganin abin da kake bugawa. Kuma ko mai kirki ne yau ba tabbas gobe, saboda ekstenshan yana sabunta kansa a ɓoye kuma ana sayar da shi kamar yadda ake sayar da kowace haja. The Great Suspender misali ne da ya faru a gaban kowa, mutane wajen miliyan 2 ke amfani da shi don rage cin memori, mai shi ya sayar wa wani da ba a san ko waye ba a 2020, sabon mai shi ya cusa masa abin da ba a gane ba, sai a Fabrairun 2021 Google ta cire shi ta kashe shi a kwamfutocin mutane. Waɗanda suka saka shi tun yana lafiya ba abin da suka yi ba daidai ba, kayan ne ya canza hannu. Don haka ka buga chrome://extensions a wurin adireshi, duk wanda ka manta yaushe ka saka shi ko ka yi wata ba ka taɓa ba ka cire, waɗanda suka rage kuma ka shiga Details ka mayar da izininsu ya zama sai ka danna su ko a wasu shafuka kaɗai.

Guda ɗaya da zan ce ya cancanci zama shi ne mai toshe talla, kuma a nan uBlock Origin na Raymond Hill ne aka fi yarda da shi, kyauta ne kuma kowa na iya duba yadda aka rubuta shi. Toshe talla ba don jin daɗi kawai ba ne, maɓallan Download na ƙarya da shafukan da ke buɗe kansu yawanci ta hanyar talla suke zuwa, ga kuma data da batir da suke ci. Sai dai Google ta canza dokar ekstenshan zuwa tsarin da ta kira Manifest V3, daga 2024 ta fara kashe cikakken uBlock Origin a Chrome, abin da ya rage shi ne uBlock Origin Lite wanda bai kai na asali ƙarfi ba amma ya fi babu. Google ta ce don tsaro ta yi, masu suka suna cewa kamfanin da ke cin abinci da talla ba zai so a toshe ta ba, kowa da hujjarsa. Cikakken yana nan yana aiki a Firefox, har da Firefox ta Android, wanda wannan babban abu ne tunda Chrome ta waya ba ta karɓar ekstenshan kwata-kwata. Wanda ba ya son wahalar saka komai sai ya ɗauki Brave, ita da nata matoshin take zuwa, illa dai ka shiga saitinta ka kashe kayan kirifto da ladan talla da take turo maka. A kula kuma, akwai masu kwaikwayon sunan, ka duba sunan mai shi kafin ka saka.

Akwai wata dabara da ba a cikin burauza take ba amma tana shafar duk wayar, Private DNS, tana nan tun Android 9. Ka shiga saitin waya ka rubuta sunan a wurin bincike tunda kowane kamfani da inda yake ɓoye shi, ka zaɓi wurin rubuta suna, in ka sa dns.adguard-dns.com zai rage talla har a cikin wasu manhajoji da gem, in ka sa dns.quad9.net zai toshe shafukan da aka san na cuta ne, in wayar yara ce family.cloudflare-dns.com yana tare shafukan batsa. Ba ya toshe tallar YouTube, kar ka sa rai, kuma wani lokaci in ka hau waifai na otal ko makaranta mai shafin shiga sai ya ƙi buɗewa, ka mayar da shi Automatic ka shiga sannan ka dawo da shi.

Kukis na ɓangare na uku su ne ke sa ka duba takalmi a wani shafi ya yi ta bin ka duk inda ka je. Safari, burauzar Apple, ta toshe su tun 2020, Firefox ta killace su a 2022, Chrome ta yi alkawarin kashe su ta yi ta ɗagawa ƙarshe a 2024 ta fasa, don haka a Chrome da hannunka za ka je Privacy and security ka toshe.

Masu Opera Mini, ba na ce ku bar ta ba, wajen tattalin data har yanzu da wuya a kamo ta, amma ku san yadda take yin tattalin. A matakin Extreme ba wayarka ce ke ɗauko shafin ba, sabar Opera ce ke ɗaukowa ta buɗe ta matse sannan ta miƙo maka, wato akwai na uku a tsakaninku ko da shafin mai rufaffiyar hanya ne. Karanta labarai da duba sakamakon ƙwallo ba laifi, harkar kuɗi da fasawod a kai ta wata burauzar. A Chrome kuma in data ce damuwarka nemi Preload pages ka kashe, shi ne ke ɗauko shafukan da take hasashen za ka shiga tun ba ka danna ba. Haka in ka danna linki a cikin Facebook ko Instagram ko TikTok, shafin a cikin manhajar yake buɗewa ba a burauzarka ba, duk gyaran da ka yi bai shafe shi ba, ka danna ɗigo uku ka zaɓi a buɗe a burauza kafin ka rubuta wani abu mai muhimmanci.

Ajiye fasawod a burauza, ana yawan tambaya ko ya dace. A wayarka ko kwamfutarka ta kanka mai makulli, eh, ya fi ka riƙa amfani da lambar wayarka ko sunan ɗanka a ko'ina, har ma yana da wata fa'ida da ba a lura da ita, ba zai cike maka fasawod a shafin bogi ba don shi adireshi yake dubawa ba kamanni ba, in ka ga ya ƙi cikewa a inda ya saba to ka tsaya ka duba. Haɗarinsa yana wajen kwamfutar da ake saka wa manhajojin sata, kirak ɗin Photoshop da Office da gem, a cikinsu ake cusa ɓarayin da ke kwashe fasawod da kukis na shiga akawun gaba ɗaya, kuma wanda ya samu kukis ɗin nan ba ya bukatar fasawod ko lambar tabbatarwa, kai tsaye zai tsinci kansa a ciki. Haka aka yi wa tashar Linus Tech Tips a Maris na 2023, tashar fasaha ce a YouTube mai mabiya sama da miliyan 15, wani ma'aikacinsu ya buɗe fayil mai kama da PDF na tayin talla, kafin gari ya waye an canza wa tashar suna ana damfarar kirifto a kanta. Akwai kuma sabon salo da ya yaɗu daga 2024, shafi zai nuna maka akwatin tabbatar da cewa kai mutum ne, sai ya ce ka danna maɓallin Windows da R, ka danna Ctrl da V, ka buga Enter. Kar ka kuskura, umarnin sauke ɓarawo ne shafin ya kwafa maka kake liƙawa da hannunka, ba wata tantancewa ta gaskiya da ke fita daga cikin burauza.

Ta ɓangaren kwalliya kuwa yi yadda ranka ke so, baƙin launi don dare, ƙara girman rubutu a Accessibility, sauko da wurin adireshi ƙasa inda babban yatsa ke kaiwa, canza injin bincike zuwa DuckDuckGo in ba ka son Google ta riƙa tara tambayoyinka, raba furofayil na aiki da na gida a kwamfuta. Shi chrome://flags da about:config na Firefox da 'yan bidiyo ke zuga mutane su shiga wai burauza za ta ninka gudu, kayan gwaji ne, in za ka taɓa ka taɓa ɗaya ka ga yadda ta kasance kafin na gaba, in abu ya rikice a flags akwai Reset all a sama.

Sai kwamfutar kafe da ta bizines senta, inda ake zuwa buga sakamakon jarrabawa da cike fom. Kar ka shiga Chrome ɗin kanta da akawun ɗinka na Google, don in ka amsa tayin Sync fasawod ɗinka da tarihinka duk za su sauko kan kwamfutar shago. Danna hoton da ke saman dama ka zaɓi Guest, ka yi aikinka, in ta tambaya ko ta ajiye fasawod ka ce a'a, ka goge takardun da ka sauke daga Downloads da kwandon shara tunda su Guest ba ya share su, in kuma ka riga ka tafi ka tuna ba ka fita ba, buɗe myaccount.google.com a wayarka, ɓangaren Security, wurin na'urori, ka nemo kwamfutar ka fitar da kanka daga nan.